GRACELAND: Rangadin Paul Simon da ya dawo da tsoffin waƙoƙi, ya kuma tono tsohuwar rigima

A ranar 15 ga Yuli, 2012, dubun-dubatar jama'a suka yi dafifi a dandalin Hyde Park da ke Landan domin kallon Paul Simon, mawaƙin rock ɗan Amurka, wanda a lokacin yake da shekara 70 a duniya. Wasan shi ne ya fi jan hankali a cikin ɗan gajeren rangadin da ya yi a Turai domin bikin cikar kundin waƙoƙinsa mai suna Graceland shekara 25 da fitowa, bikin da aka soma a 2011 aka ƙarasa a 2012.

A kan dandamali akwai makaɗan Afirka ta Kudu da suka yi aikin kundin tun farko, irin su Ray Phiri mai kaɗa jita da Bakithi Kumalo mai jitar amo mai kauri. Akwai ƙungiyar mawaƙan Zulu ta Ladysmith Black Mambazo, da Hugh Masekela da ƙahonsa, sai Jimmy Cliff na Jamaika da ya zo a matsayin baƙo.

Irin wannan rangadi ya zama al'ada a tsakanin dattawan mawaƙan rock. Roger Waters ya zagaya duniya da kundin The Wall daga 2010 zuwa 2013, Bruce Springsteen ya koma wa The River a 2016, ƙungiyar U2 kuma ta farfaɗo da The Joshua Tree a 2017. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cinikin faifai ya faɗi tun da intanet ta karɓe kasuwa, kuɗin mawaƙi ya koma ƙofar shiga wasa, sannan matasan da suka tashi da waɗannan waƙoƙi sun manyanta, sun kuma sami abin sayen tikiti mai tsada. Da tsohuwar zuma ake magani, har a kasuwar kiɗa.

Sai dai na Graceland ya sha bamban. A wannan birni na Landan, a watan Afrilun 1987, masu adawa da mulkin wariyar launin fata sun tsaya a ƙofar zauren Royal Albert Hall ɗauke da kwalaye, suna zargin Simon da karya takunkumin da duniya ta ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu. Saboda haka duk wanda ya tashi bikin tunawa da kundin, tilas ya tuna har da rigimar da ta zo tare da shi.

Daga aron kaset zuwa Johannesburg

A shekarar 1984 tauraron Simon ya dusashe. Kundin da ya fitar a 1983 bai yi kasuwa ba, aurensa ya mutu, sake haɗuwarsa da tsohon abokin waƙarsa Art Garfunkel kuma ba ta ɗore ba. A cikin wannan hali ne wata mawaƙiya ta ara masa kaset na kiɗan unguwannin baƙar fata na Afirka ta Kudu, wanda ake kira mbaqanga. Ya shafe makonni yana sauraronsa a mota, har ya sa aka binciko masa masu kiɗan.

A watan Fabrairun 1985 ya sauka Johannesburg tare da injiniyan sautinsa Roy Halee, suka yi kimanin mako biyu a situdiyo suna naɗar kiɗa da makaɗan ƙasar da na Lesotho. Salon aikin ya saɓa wa yadda ya saba. A da yakan rubuta waƙa ne sannan a ɗora mata kiɗa. A wannan karon kiɗan aka fara ɗauka, ya koma New York da shi, ya yi watanni yana ƙera kalmomin da za su hau kansa.

An ƙarasa aikin a New York da Landan, inda Ladysmith Black Mambazo, ƙarƙashin jagorancin Joseph Shabalala, suka naɗi muryoyinsu a salon isicathamiya, waƙar 'yan ci-rani ta Zulu da ba a haɗa ta da kayan kiɗa. Afirka ta Yamma ma ta sa hannu: Youssou N'Dour na Sanagal ya buga ganga a waƙa guda, Demola Adepoju na ƙungiyar King Sunny Ade kuma shi ne ya kaɗa jitar da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe a waƙar da kundin ya ci sunanta. Sunan kansa na gidan Elvis Presley ne da ke Memphis.

Kundin ya fito a watan Agustan 1986, wata biyu bayan gwamnatin P.W. Botha ta kafa dokar ta-ɓaci a faɗin Afirka ta Kudu. Ya lashe kambun Grammy na kundin shekara a 1987, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 14.

Takunkumin da Najeriya ta yi wa gadi

A watan Disambar 1980 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi a yanke duk wata hulɗar al'adu, ilimi da wasanni da Afirka ta Kudu, ya kuma roƙi marubuta da mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar. Daga 1983 aka fara wallafa jerin sunayen mawaƙan da suka je suka yi wasa a can, musamman a wurin shaƙatawa na Sun City, inda ake biyan taurari maƙudan kuɗi domin a nuna wa duniya cewa lafiya lau ake zaune.

Mai sa ido a kan wannan tsari shi ne Kwamitin Musamman na Yaƙi da Wariyar Launin Fata, kuma jakadun Najeriya ne suka daɗe suna riƙe da kujerar shugabancinsa. Leslie Harriman ya riƙe ta a shekarun 1970, Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya riƙe ta a farkon shekarun 1980, Janar Joseph Garba daga 1984 zuwa 1989, sai Farfesa Ibrahim Gambari har zuwa 1994. Ke nan lokacin da batun Graceland ya taso, a teburin Garba ya faɗo.

Ga Najeriya wannan ba maganar baki ba ce kawai. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, wanda ma'aikatan gwamnati suka zuba wa kashi 2 cikin 100 na albashinsu. A 1977 Legas ta karɓi baƙuncin taron duniya kan yaƙi da wariyar launin fata. A watan Yulin 1986 kuwa, wata guda kafin fitowar kundin, Najeriya na sahun gaba cikin ƙasashen da suka ƙaurace wa wasannin ƙasashe renon Ingila a Edinburgh saboda Margaret Thatcher ta ƙi amincewa da takunkumin tattalin arziki. 'Yan wasan da suka yi shekaru suna atisaye sun zauna a gida domin a riƙe ƙa'ida. Wanda ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa tafiyar baƙon mawaƙi guda ta zafi mutane.

Hujjar kowane ɓangare

Matsayin Simon bai sauya ba tun farko. Ya ce bai yi wasa a gaban 'yan kallo da aka raba bisa launin fata ba, ya ƙi tayin Sun City, bai kuma karɓi ko sisi daga gwamnati ba. Ya biya makaɗan ninki uku na abin da ƙungiyar makaɗan New York ta ƙayyade, ya kuma sa sunayen wasu daga cikinsu a matsayin abokan tsara waƙoƙi. A ganinsa mawaƙi ba ya buƙatar izinin kowace jam'iyya kafin ya yi kiɗa da ɗan'uwansa. Shi ya sa da Harry Belafonte ya shawarce shi ya fara tuntuɓar ANC kafin ya tafi, bai bi shawarar ba.

Masu sukarsa, waɗanda suka haɗa da Dali Tambo, ɗan shugaban ANC Oliver Tambo, da mawaƙan Birtaniya irin su Jerry Dammers, Paul Weller da Billy Bragg, ba su ce Simon mai goyon bayan wariya ba ne. Damuwarsu ita ce ƙarfin takunkumi yana cikin rashin togiya. Da zarar kowa ya sami damar yanke wa kansa hukuncin cewa tasa tafiyar mai kyakkyawar niyya ce, to shinge ya ɓalle, kuma wanda zai biyo baya ba lallai ya zo da irin wannan niyya ba. Sun kuma lura cewa kalmomin waƙoƙin ba su fito fili sun la'anci gwamnatin ba, a daidai lokacin da ake harbin matasa a unguwanni.

Akwai ɓangare na uku da sau da yawa ake mantawa da shi, wato makaɗan da kansu. Takunkumin da aka kafa domin ceton su ya rufe su ma a cikin gida, domin ya hana duniya jin muryarsu. Kumalo yana aikin kanikanci ne lokacin da aka kira shi situdiyo. Bayan Graceland ya zama sananne a duniya. Ladysmith Black Mambazo kuwa sun lashe Grammy ta farko a 1988 da kundin da Simon ya shirya musu.

A farkon 1987 Simon ya aika wa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya wasiƙa yana jaddada adawarsa da wariya da ƙin yin wasa a Afirka ta Kudu. Kwamitin ya bar sunansa a wajen jerin, amma 'yan gwagwarmaya da dama ba su ɗauki wasiƙar a matsayin neman gafara ba. Rangadin farko ya tashi tare da Masekela da Miriam Makeba, waɗanda dukkansu suka shafe fiye da shekara 25 suna gudun hijira. Ita Makeba tun 1963 ta tsaya a gaban wannan kwamiti tana neman a ƙaurace wa ƙasarta, don haka tsayawarta kusa da Simon ta rikita lissafin masu zanga-zanga. A watan Fabrairun 1987 suka yi wasa a filin Rufaro da ke Harare.

A watan Mayun shekarar, a wata lacca a Landan, Oliver Tambo ya nuna cewa bai kamata ƙauracewar ta faɗa kan al'adun jama'ar da ke gwagwarmaya ba. Daga nan aka koma tsarin tantancewa. Ko bayan sakin Nelson Mandela a 1990, tsugune ba ta ƙare ba: da Simon ya je Johannesburg a watan Janairun 1992 da amincewar ANC, matasan ƙungiyar AZAPO sun yi zanga-zanga, an kuma jefa gurneti a ofishin masu shirya wasan.

Zaman da aka yi shekara 25 ana jira

Abin da ya ba bikin nauyi ya faru ne kafin a kai Turai. A watan Yulin 2011 Simon ya koma Johannesburg ya sake haɗuwa da makaɗan, suka yi atisaye da wasa a gaban 'yan kallo kaɗan. Mai shirya fim Joe Berlinger ya ɗauki tafiyar, ya fitar da ita a 2012 da sunan Under African Skies.

A cikin fim ɗin, Simon da Dali Tambo sun zauna kujera guda suka fuskanci juna. Tambo ya bayyana cewa a wancan lokaci ana yaƙi ne, kuma amfanin da makaɗa 'yan ƙalilan suka samu ba zai rinjayi bukatar al'umma baki ɗaya ba. Simon ya riƙe matsayinsa cewa 'yan siyasa sun saba neman mawaƙi idan suna bukatarsa, su kuma gindaya masa sharaɗi idan ya yi gaban kansa. Sun rabu cikin mutunci, ba tare da ɗaya ya karɓi hujjar ɗaya ba.

Wannan ne ya sa rangadin 2012 ya wuce baje kolin tsoffin waƙoƙi. A Hyde Park, Masekela ya rera waƙarsa ta neman a saki Mandela, alhali Mandela ya riga ya fito, ya yi shugabanci, ya sauka tun 1999. Muryar mace a waƙar da Linda Ronstadt ta yi a kundin, wadda ita ma aka soki saka ta saboda ta taɓa wasa a Sun City, a wannan dare Thandiswa Mazwai ce ta ɗauke ta, mawaƙiyar da ta tashi a Soweto ta kuma shahara bayan faɗuwar wariya. Babu kwalaye a ƙofa.

Wata tambayar ce ta maye gurbin ta takunkumi: ta haƙƙin mallaka. Idan makaɗi ya ƙirƙiro zubin kiɗan da waƙa ta tsaya a kai, ladan rana ya cancanta ko kason ribar har abada? An ji ƙorafi a kan haka daga wasu da suka yi aikin, har da ƙungiyar Los Lobos ta Amurka, zargin da Simon ya musanta. Tambaya ce da ta shafi mawaƙan Afirka na yau, waɗanda manyan kamfanonin Turai da Amurka ke rububin haɗin gwiwa da su.

A watan Agustan 2026 Graceland ke cika shekara 40, amma da wuya a sake tara irin taron 2012. Makeba ta rasu tun 2008, Phiri a 2017, Masekela a 2018, Shabalala a 2020, Belafonte a 2023. Janar Garba ya riga su, a 2002. Simon da kansa ya yi rangadin bankwana a 2018, ya bayyana a 2023 cewa kunnensa na hagu ya kusa daina ji, kafin ya dawo a 2025 da wasanni masu taushin sauti a ƙananan zaure. Faifan wasan Hyde Park da aka fitar a 2017 da fim ɗin Berlinger su ne suka adana kiɗan da kuma muhawarar, daga bakin waɗanda suka yi ta.