Yadda Ake Tono Asalin Dangi A Ƙauyukan Ingila

 Bari in fara da tambaya: in yaronki ya zo ya ce ki gaya masa sunan kakar kakarki, da garin da aka haife ta, da shekarar da ta yi aure, za ki iya? Yawancinmu muna kaiwa kan kaka ta biyu sai lissafi ya tsaya. To a ƙasar Ingila akwai talakawan ƙauye, masu noman ƙodago da masu wanki da makiyayan tumaki, waɗanda suka mutu shekaru 400 da suka wuce, amma har yau jikokinsu na iya buɗe littafi su ga ranar da aka ɗaura musu aure da ranar da aka binne su. Yadda aka yi hakan ya yiwu, da yadda ake bin sawun, shi ne zancenmu na yau. Wataƙila ma abin ya shafe ki kai tsaye, domin ba abin mamaki ba ne a ce ɗanki ko ƙaninki da ya je karatu can ya auro Baturiya, jikokin nan kuwa wata rana za su tambayi dangin uwarsu.

Da farko sai kin fahimci abin da suke kira farish, wato gundumar coci. Tun zamanin da, an rarraba ƙasar Ingila zuwa irin waɗannan ƙananan gundumomi sama da dubu goma, kowace da cocinta da limaminta da maƙabartarta. A karkara, gunduma ɗaya kan ƙunshi ƙauye ɗaya da 'yan rugage da gonakin da ke kewaye da shi. Aikin gundumar bai tsaya ga ibada ba. Ita ke gyaran hanya, ita ke ciyar da gajiyayyu, ita ke karɓar wasu haraji. Saboda haka duk wanda ya rayu a ƙauyen, ko mai kuɗi ko matsiyaci, da wuya ya wuce bai bar sunansa a wata takarda tata ba.

A shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na 8, babban wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni cewa kowane limamin coci ya riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, da duk auren da aka ɗaura, da duk gawar da aka binne. Aka ce a yi rubutun kowace Lahadi a gaban shaida, a ajiye littafin a akwati mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin limami, ɗaya wurin dattawan coci. Wanda ya yi sakaci tararsa sule uku da kwabo huɗu. Littattafan farko a kan takarda mai arha aka yi su, danshi da ɓera suka cinye da yawa. Don haka a 1598, zamanin Sarauniya Elizabeth ta 1, aka ce a kwafe su a kan jemammiyar fata, musamman daga shekarar da ta hau mulki. Shi ya sa za ki ga littattafan ƙauyuka da dama daga 1558 suka fara. Aka kuma ce duk shekara a aika da kwafi ga bishop na yankin. Ki riƙe wannan da kyau, domin in littafin ƙauye ya ƙone ko ya ɓace, wannan kwafin ne mafita.

Amma fa ba daga 1538 ake farawa ba. Kuskuren sababbin shiga kenan, mutum ya ga mai irin sunan gidansu a tsohon littafi sai ya ce ga kakanmu. Daga kanki ake farawa a yi baya, taki ɗaya bayan ɗaya. A zauna da tsofaffin gida, musamman mata, domin can ma kamar nan, su ne suka san wa ya auri wa, wa ya haifi wa. A binciko tsofaffin hotuna da wasiƙu. Daga nan sai takardun gwamnati. Tun ranar 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, kuma ana iya neman kwafin takardar ta intanet. Takardar haihuwa ta fi komai daraja, saboda ita ce ke faɗin sunan gidan uban mahaifiya. Kin san Baturiya in ta yi aure sunan gidan mijinta take ɗauka, nata ya nutse. In ba ki samo wannan suna ba, rabin dangin ya ɓace miki.

Sai ƙidaya. Ana yin ta duk shekara goma tun 1801, amma sai daga 1841 aka fara rubuta sunan kowa. Ta 1841 tana da tarko, domin an ce duk wanda ya wuce shekara 15 a rage shekarunsa zuwa biyar-biyar, mai 29 sai a rubuta 25. Ta 1851 ita ce farin jinin masu bincike, domin ta faɗi dangantakar kowa da maigida, ta kuma faɗi gundumar da aka haife shi. Wannan layin ne zai nuna miki ƙauyen da za ki dosa. Ba a buɗe takardun ƙidaya sai sun cika shekara 100. Ta 1921 an buɗe ta a Janairun 2022, ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuwa ba a yi ba saboda yaƙin duniya.

To kin samu sunan ƙauye. Kada ki ɗauki jaka ki nufi cocin, domin mai yiwuwa littafin ba ya can. Wata doka ta 1978 ta sa an kwashe yawancin tsofaffin littattafan zuwa ɗakunan adana takardun tarihi na larduna, inda ake kula da su. Da yawa an ɗauki hotonsu, ana ganin su a shafuka irin su FamilySearch kyauta, ko Ancestry da Findmypast da kuɗi. Shawarata ita ce kada ki dogara da jerin sunayen da wani ya kwafa. Ki nemi hoton asalin shafin, domin mai kwafa yakan yi kuskure, kuma limamai kan yi ɗan ƙarin bayani a gefe wanda ba a kwafowa.

Karatun littafin kansa sai da haƙuri. Rubutun hannun mutanen 1600 ya sha bamban da na yau, wasu ma da Latin suke rubutawa har wajen 1733. Suna ɗaya za ki gan shi an rubuta iri uku, domin masu sunan ba su iya karatu ba, limami ke rubuta abin da kunnensa ya ji. Sunayen yanka kuma ba su da yawa: John, William, Thomas, Mary, Elizabeth, Ann. Kamar dai ki shiga unguwa ki ce kina neman gidan Malam Muhammadu mijin A'isha. Sannan in jariri ya rasu, sukan maida sunansa ga wanda aka haifa bayansa. Saboda haka duk lokacin da kika ga baftismar yaro, ki duba ɓangaren jana'iza tukuna, kada ki gina zuriya a kan jaririn da ya rasu yana da wata uku. Akwai kuma rikicin kwanan wata. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka watan Fabrairun da aka rubuta 1700, a lissafinmu 1701 ne. A 1752 ɗin ma an tsallake kwana 11, aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14.

Dokoki uku sun bar alama a littattafan. A 1666 da 1678 aka yi dokar cewa dole a yi wa kowace gawa likkafani da ulu, don a raya kasuwar masu tumaki, kuma a kawo rantsuwar shaida cikin kwana takwas ko a biya tarar fam biyar. Daga 1754 aka ce aure ba ya ɗauruwa sai a coci, bayan an yi shela Lahadi uku, ango da amarya da shaidu su sa hannu. A nan za ki ga ko amarya ta iya rubuta sunanta ko alama kawai ta dangwala, shaidun kuma sau da yawa 'yan uwa ne. Daga 1813 aka kawo littattafai bugaggu masu gurabu, ana rubuta sana'ar uba da mazauninsa, da shekarun mamaci.

In kina son ki ga abin da waɗannan busassun layuka ke ɗauke da shi, dubi ƙauyen Eyam da ke lardin Derbyshire. A ƙarshen bazarar 1665 aka aiko wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke cin mutane. Wanda ya kwance ƙunshin, George Viccars, an binne shi ranar 7 ga Satumba. Da cutar ta tsananta, limamin ƙauyen William Mompesson da wani tsohon limami Thomas Stanley suka shawo kan jama'a suka killace kansu, ba shiga ba fita, don kada su kai wa maƙwabta. A cikin wata 14 sama da mutum 250 suka mutu, har da Catherine matar limamin. Littafin jana'iza ya jero su ɗaya bayan ɗaya. A ciki za ki ga sunan gidan Hancock yana ta maimaituwa daga 3 zuwa 10 ga Agustan 1666, miji da 'ya'ya shida cikin kwana takwas. Uwarsu Elizabeth ce ta binne su a gefen gonarsu, kaburburan suna nan har yau. Littafin bai ce komai ba game da halin da ta shiga. Ke da kika san zafin haihuwa ba sai an gaya miki ba.

Abin da ya fi wahalar da masu bincike shi ne dangi su ɓace fat daga littafi. Muna zaton mutanen ƙauye na da ba sa motsi, amma ba haka ba ne. Limamin ƙauyen Clayworth da ke lardin Nottinghamshire ya ƙirga mutanensa a 1676, ya sake ƙirgawa a 1688, kowane karo wajen mutum 400. Da masanin tarihi Peter Laslett ya gwada lissafin biyu, sai ya ga kusan mutum shida cikin goma na karo na biyu ba sa cikin na farko, wasu haihuwarsu aka yi a tsakani, wasu kuwa baƙi ne. Dalili shi ne samari da 'yan mata kan bar gida tun suna ƙanana su tafi aikatau gonakin wasu, kwantiragin shekara-shekara, ba sa yin aure sai sun kai shekara 25 ko fiye. Sai dai ba sa yin nisa. In mutum ya ɓace miki, ki ɗauki taswira ki bi gundumomin da ke kewaye, gwargwadon tafiyar yini a ƙasa. In can ma babu, ki tuna ba kowa ne ɗan cocin gwamnati ba. 'Yan Katolika da Methodist da sauransu suna da nasu littattafan, da yawa daga na masu bin wasu ɗariƙun suna babban ɗakin adana takardu na ƙasa da ke Kew a Landan.

A ganina takardun da suka fi daɗin karatu su ne na talakawa. Dokar 1601 ta ɗora wa kowace gunduma nauyin ciyar da matalautanta, ta 1662 kuma ta ba ta ikon maida baƙon da ake tsoron zai zama kaya zuwa gundumarsa ta asali. Kafin a kore shi sai an tsayar da shi gaban alƙalai ya faɗi inda aka haife shi, da gidajen da ya yi aiki, da wadda ya aura. Wannan tarihin rayuwa ne sukutum, daga bakin wanda bai iya rubutu ba. Abin bai zo wa mata da sauƙi ba. Bazawarar da mijinta ya rasu ana iya kwashe ta da 'ya'yanta a kai ta ƙauyen mijin, ko da ba ta taɓa taka shi ba. Yarinyar da ta yi ciki ba aure kuwa ana titsiye ta ta faɗi mai cikin, wani lokaci ungozoma ke tambayarta tana tsakiyar naƙuda, don a ɗora masa kuɗin reno. Mai tono asali sai ya shirya wa ganin irin wannan, kuma ba kowane abin da aka gani ake kaiwa gaban dangi ba tare da tunani ba, musamman in akwai tsofaffin da abin zai sosa wa rai.

Wanda ya yi sa'a shi ne wanda kakanninsa suka fito daga Myddle a lardin Shropshire. A wajen 1701 wani manomi mai suna Richard Gough ya zana taswirar kujerun cocin ƙauyen, ya bi su kujera-kujera yana ba da labarin kowane gida, da aurensu da gadonsu da rigimarsu, har da waɗanda giya ta cinye musu gona. Masanin tarihi David Hey ya gina littafi guda a kan wannan aiki a 1974.

Masu ɗan abin hannu kuma sukan bar wasiyya, wadda kotunan coci ke tabbatarwa har zuwa 1858. Wasiyya kan jero 'ya'ya da surukai da jikoki, har wa aka bar wa tukunya, wa aka bar wa gado da katifa. Sai dai da wuya ki ga ta matar aure, domin kafin dokokin 1870 da 1882 dukiyar mace ta mijinta ce da zarar an ɗaura aure, abin da ke da kika tashi kina ganin mace da sadakinta da gadonta za ki ji banbaraƙwai. Ki nemi ta zawarawa da ta gwaggonnin da ba su yi aure ba, su ne suka fi ambaton dangi mata. Takardar aure ta gwamnati ma tun 1837 sunan uban ango da uban amarya kaɗai take ɗauka. Sai ranar 4 ga Mayu 2021 aka buɗe gurbin rubuta sunan uwa.