Na'a-na'a: Tsiron da Ake Yaɗawa da Reshe

Masu shan shayi daga Kano har Agadas sun san ƙanshin na'a-na'a, amma kaɗan ne suka taɓa ganin irinta a kasuwa. Dalili kuwa shi ne ba da iri ake yaɗa ta ba.

Masana kimiyyar tsirrai suna kiran danginta Mentha. Tsiro ne mai yin shekaru, karansa yana da kusurwa huɗu, furanninsa ƙanana ne, farare ko masu ɗan shuni. A ƙarƙashin ƙasa yakan miƙa wasu karare masu rarrafe, waɗanda akan ɗauka saiwa ce, alhali kowace gaɓa tasu tana iya fitar da saiwa da sabon toho. Shi ya sa idan aka dasa ta a lambu ba tare da shamaki ba, takan mamaye kunyar maƙwabtanta.

Mai son dashe sai ya yanki reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15 daga ƙasan gaɓa, ya cire ganyen ƙasa, ya kafa shi cikin ruwa ko ƙasa mai danshi a inuwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu saiwa za ta fito. Tana son ban-ruwa a kai a kai, zafin bazara kuwa yana ƙona ta idan babu inuwa. Bayan shekara biyu ko uku akan tone tushen a rarraba shi.

Dangin na'a-na'a suna barbara da juna, don haka abin da ya tsiro daga iri ba lallai ya gado ƙanshin uwarsa ba. Nau'in fefamint, mai yawan sinadarin mentol, shi kansa ruwa-biyu ne, ko da yake Linnaeus ya ɗauke shi jinsi mai zaman kansa a 1753, kuma da wuya ya yi iri mai tsirowa.

Sai dai reshe yakan tafi da cutar uwarsa. A shekarun 1920 wata cutar fungas mai suna Verticillium ta ɓulla a gonakin fefamint na jihar Michigan a Amurka. Tana toshe hanyoyin ruwa na kara, tana kuma shafe shekaru a cikin ƙasa, har ta taimaka wajen komawar noman zuwa Oregon da Washington. Saboda haka reshen da za a dasa daga tushe mai lafiya ake yankarsa, wanda ganyensa bai yi rawaya ko ya yanƙwane ba, a kuma dasa shi a sabuwar kunya.