Me Ke Sa Kwamfutar Tebur Ta Daskare?

Kwamfutar da ke daskarewa ko mutuwa ana tsakiyar aiki, sau da yawa zafi ne ke damunta. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, kuma idan zafin CPU ya haura digiri 100, na'urar takan kashe kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ke fara buɗe akwatin ya share ƙura.

Matsalar RAM ma kan sa ta daskare, amma ta fi wuyar kamawa. Akan gwada ta da manhajar MemTest86 na sa'o'i, ko a cire sandunanta a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana.

Idan kuma sai an ɗora mata aiki mai nauyi take mutuwa, akwatin wutarta ne abin zargi.