Zaftarewar dusar ƙanƙara: abin da ya kamata ku sani kafin hawa tsaunukan Turai

Duk hunturu, zaftarewar dusar ƙanƙara takan hallaka mutane kusan 100 a tsaunukan Alps. Wani lokaci takan afka wa gari, kamar yadda ta yi a Galtür da ke Ostiriya a 1999, inda mutum 31 suka rasu. Amma galibin waɗanda take ritsawa da su masu zamiya a kan dusar ƙanƙara ne da mahaya dutse da suka bar hanyoyin da hukuma ke kula da su. Kuma a kusan tara cikin goma, nauyin mutumin ne ko na abokin tafiyarsa ke tayar da ita.

Dusar ba lokaci ɗaya take sauka ba, hawa-hawa take taruwa. Iska takan danne ta sama ta zama faifai mai tauri, alhali ta ƙasa ta zama garas-garas, ba ta kama juna. Tamkar tabarma ce aka shimfiɗa a kan tsabar gero a gangare: ana takawa sai ta tsage ta sulale gaba ɗaya, da mutum a kai. Wannan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, musamman bayan sabuwar dusa, ko iska mai ƙarfi, ko ɗumi da ya zo bagatatan. Idan kuka ji ƙasa ta yi "wuf" a ƙarƙashinku, ko kuka ga tsaga tana gudu daga bakin takalmi, ku juya kawai.

Ƙasashen Turai suna da ma'aunin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos a Suwizalan tana fitar da sanarwa kullum a lokacin hunturu. Mataki na 3 ya fi cin rayuka, domin mutane suna ganinsa tsaka-tsaki sai su yi sakaci.

Wanda dusa ta binne ba ya iya tono kansa, don tana tsayawa take daskarewa, ko hannu ba ya motsuwa. Idan aka zaƙulo shi cikin minti 15, yawanci yana rayuwa. Bayan rabin awa, numfashi ya ƙare wa akasari. Jirgin ceto ba safai yake isowa cikin wannan lokaci ba, abokan tafiya ne masu ceto. Shi ya sa kowa ke ɗaura na'urar da ke aika sigina a jikinsa, ya riƙe sandar caka dusa da shebur. A gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya ake tsallakawa, sauran suna kallo daga wuri mai aminci.

Abin da ya fi damuna shi ne matasan Afirka ta Yamma da ke tsallakawa da ƙafa daga Italiya zuwa Briançon a Faransa, ta mashigin tsaunin Montgenèvre ko na Col de l'Échelle, cikin dare, da takalmin gari, ba na'ura ba shebur. Suna kauce wa titi don gudun 'yan sanda, su faɗa kwazazzaban da ƙwararru ma ke tsoro. Idan kuna da ɗan'uwa a can, ku roƙe shi kada ya hau dutsen nan cikin hunturu. In kuwa ya riga ya shiga matsala, ya kira 112, lambar gaggawa ce kyauta a Italiya da Faransa.