Gansakuka da duwatsu: Alamun tsohon teku a ƙasar Boɗinga da Shagari

Manomin da ke ban-ruwa a fadamun Boɗinga ko Shagari ya san koriyar gansakukar da ke shimfiɗuwa a kan ruwan da ya kwanta. Galibi kallon ƙazanta ake yi mata, amma a wurin masana duwatsu, danginta na cikin halittu mafi daɗewa a duniya.

A tekuna marasa zurfi, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan haɗu su zama kamar tabarma mai yauƙi. Yashi da laka su manne mata, sai ta tsiro ta samansu don neman hasken rana. A haka hawa ke bin hawa har ya zama dutse, wanda masana ke kira sitiromatolait. A gaɓar Shark Bay ta Ostireliya, inda gishirin ruwan ya ninka na teku kusan sau biyu, har yau suna girma, ƙasa da milimita ɗaya a shekara. Burbushinsu na yankin Pilbara ya kai kimanin shekara biliyan 3.5, akwai kuma wasu a Atar ta Muritaniya. Irin waɗannan halittu ne suka fara wadata duniya da iskar oksijin.

Kwarin Sakkwato, wanda Boɗinga da Shagari ke cikinsa, shi ma teku marar zurfi ya taɓa mamaye shi. Kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, ruwan gishiri ya ratso Sahara ta yau ya iso nan. Shaidar da ya bari ita ce farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, da duwatsun fosfet na Dange da Shuni, maƙwabtan Boɗinga, waɗanda ake sarrafa irinsu a yi takin zamani. Akwai kuma ƙasusuwa: a 1972 masana daga Italiya suka raɗa wa wata ƙatuwar dabbar teku suna Goronyosaurus, saboda a yankin Goronyo aka tono ta.

Matsalar ita ce duk burbushin da aka farfasa wajen haƙar dutse ya tafi ke nan. Don haka mai gina rijiya ko mai haƙar ƙasa da ya ci karo da dutse mai siffar katantanwa ko haƙorin kifi, zai fi kyau ya adana shi, ya tuna inda ya samo shi, ya nuna wa malaman ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.