Muryar da Ke Tsallake Duwatsu

A ce ga wata mace a wani ƙauye can bisa duwatsun ƙasar Papuwa Niyu Gini, kwana biyu tana naƙuda, haihuwa ta ƙi zuwa. Babu hanyar mota, babu filin saukar jirgi, asibiti kuwa tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Abin da zai iya cetonta a ranar shi ne jirgin sama mai saukar ungulu, gama shi ɗan fili kamar na masussuka ya ishe shi sauka. Amma kafin ya tashi sai an kira shi, bayan ya tashi kuma dole a san inda yake. A wannan wata muna so mu duba yadda matuƙin irin wannan jirgi yake magana da gida daga tsakiyar daji.

Ƙasar duwatsu da harsuna

Papuwa Niyu Gini tana arewa da Ostareliya, ta sami mulkin kai a 1975. Dutsenta mafi tsawo, wato Dutsen Wilhelm, ya kai mita 4,509. Ana magana da harsuna fiye da 800 a ƙasar. Domin haka masu juya Littafi Mai Tsarki na ƙungiyar SIL suka kafa mazauninsu a Ukarumpa a 1956, daga can suke bazuwa cikin ƙauyuka. Inda akwai filin sauka, ƙaramin jirgi mai fikafikai yakan kai su. Inda babu, sai mai saukar ungulu.

Tun da farko ma'aikatan bishara sun gane jirgi shi kaɗai bai isa ba. Ƙungiyar JAARS, wadda Cameron Townsend ya kafa a 1948 domin taimakon masu juyi, a cikin sunanta ma an gama jirgi da rediyo wuri ɗaya. Wata ƙungiya kuma mai suna CRMF, wadda aka kafa a Ostareliya a 1946, ta yi shekaru da yawa tana kafa rediyon oba-oba a tashoshin mishan, da ɗakunan shan magani, da makarantu na Papuwa Niyu Gini. Da irin wannan rediyo ne malamin asibitin ƙauye zai kira jirgi domin macen nan mai naƙuda.

Rediyo iri biyu

Rediyon da matuƙa suke magana da hasumiyar filin jirgi da shi yana da murya garau, eriyarsa kuma gajeriya ce, ba ta fi kamu ɗaya da 'yan kai ba. Amma muryarsa miƙe take tafiya kamar hasken tocila. Babban jirgi da ke can ƙololuwar sama ba ya damuwa da wannan. Mai saukar ungulu kuwa ƙasa-ƙasa yake bi, yana ratsa kwaruruka, yana sauka a gindin dutse. Da zarar dutse ya shiga tsakani, shi ke nan, magana ta yanke.

A nan ne rediyo mai gajeren zango yake da amfani. Manyanmu za su tuna da Muryar Bishara. A Jos ake shirya shirye-shiryen Hausa, amma daga Adis Ababa ta ƙasar Habasha ake watsa su, tun daga 1963 har zuwa 1977. Ƙaƙa murya take ƙetare wannan nisa duka? Can sama, kilomita ɗari da ɗoriya daga ƙasa, Allah ya shimfiɗa wata irin iska wadda hasken rana yake cika ta da ƙarfin lantarki. In muryar gajeren zango ta bugi wannan rufi, sai ta lanƙwaso ta komo ƙasa.

Tashar da ke neman ƙasashe masu nisa a karkace take aika muryarta. Matuƙin da ke cikin kwari kuwa, gidansa watakila kilomita 200 ne kawai bayan duwatsu. Shi sai ya aika tasa kusan tsaye, sama sosai. Ku gwada da dare: ku haska tocila a rufin ɗaki mai farin silin, za ku ga haske ya zubo ko'ina, har bayan gado. Haka muryarsa take zubowa a kan ƙasar da ke kewaye, har nisan kilomita ɗari-ɗari, cikin kowane kwari.

Wahalar eriya

Sa'ad da mai gabatarwa ya ce, a kama mu a kan mita 31 ko mita 49, tsawon igiyar muryar yake faɗi. Eriya mai kyau tana bukatar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawo. In ana magana a kan mita 60, sai eriya ta kai mita 15. To, ga matsala. Jirgi irin Bell LongRanger, wanda ya yi aiki da yawa a waɗannan duwatsu, tsawonsa duka har da farfela wajen mita 13 ne.

Matuƙan jirage masu fikafikai a dā sukan saki doguwar waya daga bayan jirgi tana binsu cikin iska, su naɗe ta kafin su sauka. Ga mai saukar ungulu wannan kasada ce, gama akwai ƙaramar farfela a wutsiyarsa, in waya ta sarƙe ta jirgi zai yi ta juyi har ya faɗi. Saboda haka makanikai sukan ɗaura waya a kan 'yan sanduna a jikin wutsiyar, wani lokaci a lanƙwasa ta ta je ta komo, ko kuwa su kafa bututun ƙarfe mai kama da abin rataya tawul. Da yake eriyar a kwance take, tana tura murya sama, inda ake so. Gajartarta kuma, akwai wani akwati a cikin jirgi mai daidaita ta da kowane zango da matuƙi ya zaɓa.

Duk da haka muryar ba ta fita tas. Juyawar babbar farfela takan sa ta rawa, tsawa da walƙiya sukan cika ta da ƙara. Da rana ana amfani da gajerun mitoci, da dare dogaye, domin rufin nan na sama yana sākewa da fitowar rana da faɗuwarta.

Mai zama a bakin rediyo

Dukan wannan dabara banza ce in babu mai saurare. A gida akwai wanda aikinsa ke nan, ya zauna da littafi da agogo. Matuƙi yakan faɗa masa sa'ad da ya tashi, da mutum nawa ya ɗauka, da inda ya nufa, da lokacin da yake sa ran sauka. A hanya yakan riƙa faɗin inda ya kai. In lokaci ya wuce ba a ji shi ba, mai sauraro zai yi ta kira. In har yanzu shiru, to, shiru ma magana ce: sai a tashi nema, a fara daga wurin da ya ambata a ƙarshe. A dajin da itatuwa suke haɗiye jirgi ɗungum, layi ɗaya a littafin nan yana iya zama bambancin rai da mutuwa.

Zamani ya kawo sauƙi. Tun 1998 aka fara aiki da taurarin ɗan Adam na Iridium, yanzu kuma jirage da yawa suna ɗauke da 'yar na'ura mai nuna inda suke a kan kwamfuta. Wayar hannu ma ta shiga wurare da yawa. Amma a ran 26 ga Fabrairu 2018, da girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.5 ta auka wa lardin Hela da kewayensa, mutum fiye da 100 suka mutu, duwatsu suka zabtare suka toshe hanyoyi, turakun waya suka lalace. Jirage masu saukar ungulu ne suka kai abinci da magani wurare da dama. Tsohon rediyon nan kuwa ba ya bukatar turke a kan dutse, batir da waya da rufin da Allah ya shimfiɗa sun ishe shi.

Mu fa?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matuƙi ne ake gani, amma bayansa akwai makaniken da ya ɗaura eriya, da mai sauraron da ba wanda ya san sunansa. Mu ma ikkilisiyoyinmu sun aiki masu bishara zuwa ƙauyuka masu wuyar shiga. Yaushe rabonmu da jin labarinsu? In sun yi shiru, akwai wanda zai lura? Bari kowane gida ya zaɓi mai bishara ɗaya, a rubuta sunansa, a riƙa tambayar lafiyarsa, a riƙa ambatonsa cikin addu'ar safe. Samarinmu da 'yan matanmu masu son aikin lantarki kuma, kada su ce wannan ba aikin Ubangiji ba ne.