Camfe-camfen Motsin Jiki Game da Tafiya a Ƙasar Gumel

Daga cikin camfe-camfen da Bahaushe ya gada akwai rukunin da ya shafi abin da mutum yake ji a jikinsa, kamar ƙaiƙayi da rawar ido da tuntuɓe da faɗuwar gaba, waɗanda ake ɗauka a matsayin ishara game da tafiya. Wannan camfi ya samu gindin zama a masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin tun da can ƙasar matafiya ce. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Gumel a 1851, ya tarar da ita matattarar fataken kanwa a kan hanyar Kano zuwa Barno. A wancan zamani ayari kan shafe makonni a hanya, ga 'yan fashi ga ƙishirwa, kuma wanda ya fita ba a jin ɗuriyarsa sai ya dawo. Inda labari ya yi ƙaranci, ko ƙiftawar ido sai a nemi fassararta.

Alamomin sun kasu gida uku. Na farko su ne masu sanar da cewa tafiya na tafe. Idan tafin ƙafa ya yi ƙaiƙayi, sai a ce tafiya za ta kama mutum ko da bai shirya ba. Ƙaiƙayin tafin hannu kuwa kuɗi yake nufi, don haka mai shirin cin kasuwa kan yi murna da shi.

Na biyu su ne masu nuna yadda tafiyar za ta kaya. A nan dama da hagu suke aiki. Tuntuɓe da ƙafar dama a bakin ƙofa alamar sa'a ce, na hagu kuwa gargaɗi ne, har wani ya koma gida ya ɗan zauna kafin ya sake fita. Faɗuwar gaba ba gaira ba dalili, ko mutuwar jiki ranar tashi, sun fi kowace alama nauyi, domin su ne suke sa a ɗage tafiya ɗungurungum. Sau da yawa uwa ce take cewa "jikina bai ba ni ba", ɗa kuma ya sauke kaya.

Na uku sun shafi waɗanda aka bari a gida da wanda yake hanya. Rawar ido tana nufin za a ga baƙo ko wanda aka daɗe ba a gani ba, shi kuma matafiyin da ya ƙware yana cin abinci sai ya ce a gida ne ake ambatonsa. Fassarar takan bambanta daga gida zuwa gida, musamman a kan wane ido ne na alheri.

Ba Hausawa kaɗai suka san wannan ba. Larabawa suna da littattafai a kan fassarar motsin gaɓoɓi, tsofaffin Girkawa ma haka, kuma Larabawan jahiliyya sukan kori tsuntsu su duba inda ya nufa kafin su kama hanya. Musulunci ya hana fasa niyya saboda camfi, ya kwaɗaitar da kyakkyawan fata da istihara da addu'ar tafiya. Shi ya sa malamai suke tsawatarwa a kai a wa'azi.

Likitoci kuma suna danganta rawar ido da gajiya da ƙarancin barci da yawan cin goro ko shan shayi. Ƙaiƙayin ƙafa yakan zo da kaushi da faso lokacin hunturu, daidai lokacin da 'yan cin rani suke haramar barin gida, abin da yake ƙara wa camfin ƙarfi. Amma idan ƙaiƙayi ko jin tsira a tafin ƙafa ya daɗe, yana iya zama alamar ciwon suga, wanda yake buƙatar zuwa asibiti.

A yau mota da wayar salula sun rage fargabar hanya. Masu kai dabbobi da riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba safai suke fasa fita saboda tuntuɓe ba, kuma yawancin alamomin sun koma abin raha a bakin matasa. Faɗuwar gaba ce kawai take da sauran tasiri, musamman idan ta fito daga bakin iyaye, domin a nan camfi ya haɗu da biyayya.